Rigar Ruwan Alhaji Lawali

Kowa a unguwarmu ta Minguettes, nan Vénissieux a Faransa, ya ɗauka hutu nake zuwa. Da zarar zafi ya shigo sai 'yan matan benenmu su tare ni a bakin asansar, na'urar hawa bene: "Rabi, ke kam kin more. Ki samo mana irin aikin nan naki na zaman bakin ruwa." Akwai wadda ta tambaye ni ko ana ba mu gilashin rana kyauta. To ku saurara sau ɗaya, don na gaji da bayani tsakanin hawa na ɗaya da na tara. Mai ba da hayar kwale-kwale ba ya cikin ruwa. Wanda ya zo haya shi ne a ruwa, yana waƙa. Ke kina tudu da jirgi a kafaɗa, kina hawan gangare, takalminki cike da tsakuwa. Kuma mutanen da za ki saka a jirgin sun fi jirgin wuyar ɗauka.

Na fara ba da daɗewa da isowar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Vénissieux ba. Na bar lise, wato sakandare, babu bak, takardar gamawa, ina zaune gida ina faɗa da ƙannena. Iyo dai na iya shi, lakkwal, makarantar boko, ta koya mana a fisin, wurin iyo na unguwa, kamar kowane yaro a nan. Malamar iyon ce ta ce wani tsoho a kogin Ain yana neman mai ƙarfi wanda ba ya tsoron ruwan sanyi. Da Baba ya dawo daga izin, masana'antar manyan motoci inda yake aiki, tambaya ɗaya ya yi: ina zan riƙa kwana? Aka ce a gidan tsohon, ɗakin da ke jikin na matarsa. Ya ce in je in gani, ya san sati ba zai cika ba zan dawo.

Sunan tsohon Fernand. Kogin daga duwatsun Jura yake saukowa, mai sanyi, garau, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Fernand yana da rumfar katako kusa da wata gada, da jiragen roba masu cin mutum biyu, da tsohuwar mota mai jan remok, tirelar ɗaukar jirage. Can sama cikin duwatsu kuma akwai ƙaramin tabki, inda matarsa take ba masu kamun kifi hayar jirage masu faɗin ciki. A baki, aikin kogi ba wuya: a saka mutane a gindin gada, ruwa ya tafi da su, a bi su ta hanyar mota a kwaso su da jiragensu can ƙasa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wankin gile, rigar ruwan nan mai soso a ciki da ke hana mutum nutsewa. Baho biyu, ɗaya da magani, ɗaya ruwa zalla. Rigar da ta kwana a jiƙe da gumin baƙo, warinta sai wanda ya ji. Amma ba wankin ne aikin ba, madauri ne. Kowane ɗaya sai kin taka rigar da ƙafa kin ja shi iya ƙarfinki, in zai tsinke ya tsinke a hannunki. Da na gama, Fernand ya ce in saka ɗaya. Na saka, na ɗaure yadda na ga dama. Ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga, sai ga ta ta rufe mini kunnuwa. Ya ce, "A ruwa haka za ta yi. Ita ta tsira, ke ki tafi." Tun ranar ba wanda ya shiga jirgi a hannuna ban ɗaga masa kafaɗar riga ba, ko ɗan waye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ja da baya da remok shi ya fi cin raina. Hanyar da ke sauka wurin kwasar jirage siririya ce, da kwana a tsakiya, da wani ƙaton itace daidai kan kwanar. Ki juya sitiyari dama, remok ya yi hagu. Ki gyara, ya naɗe. Mutane suna tsaye a jiƙe suna rawar sanyi suna kallonki. Fernand ba ya ihu. Yakan jingina da itacen da taba a baki ya ce, "Ya girme ki, Rabi. Ba zai matsa ba." Har yau akwai tabon remok ɗina a ɓawonsa, ina gaida shi in na wuce.

Akwai wani jan jirgi da ya tsage a ciki, tsagar ta kai kamu guda. A kansa na koyi liƙi. Ba a fara da wuta. Sai kin huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba da tafiya, ki kankare bakinta ya yi kwari, sannan ki kawo bindigar iska mai zafi da sandar roba ki narka su tare. In zafi ya yi kaɗan, liƙin ya ɓare a kan dutsen farko. In ya yi yawa, ki yi rami inda babu. Tabon da ke babban yatsana na hagu daga jan jirgin nan ne, kuma jirgin yana nan yana aiki.

Kowace safiya, kafin kofi, ana zuwa duba Tsohuwa. Wani farin dutse ne a ƙarƙashin gada, Fernand ya sa mata suna. Akwai baraji, wato madatsar ruwa, a sama, masu shi suna sakin ruwa lokacin da suka ga dama, kogin da kika bari jiya ba shi za ki tarar yau ba. In bayan Tsohuwa a bushe yake, ko yara a saka su. In ruwa yana lasar bayanta, manya kawai, kuma sai an raka su. In ba a ganinta, a rufe rumfa, ko wa ya zo, ko daga ina.

Masu kamun kifi su ne darasin da ya fi ba ni wuya. Suna shiga kogi har ƙugu, su tsaya kamar gumaka suna wurga zare. Dokar Fernand ita ce a bi ta bayansu, a ɗaga pagai, wato filafilin tuƙi, daga cikin ruwa, a rufe baki har a wuce. Ni da aka rene ni da ranƙwashi in na wuce babba ban gaida shi ba! Ranar farko na kwarara wa wani tsoho "Bonjour monsieur!" Ya juyo ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Kifin da ya daɗe yana lallaɓawa ya gudu. A kogi, shirun shi ne gaisuwar.

Na ƙarshe, wurin zama. Jirgin mutum biyu, na baya shi ke tuƙi. Shi ke juya jirgi, shi ke tsayar da shi. Na gaba ƙarfi yake bayarwa, ya kuma duba duwatsu. In kika sa wanda bai iya ba a baya, jirgin zai yi ta kewaya kansa har ruwa ya kai shi inda ya so. Wannan ko ɗan Faransa mai shekara goma ya sani. Ban taɓa zaton shi ne zai kusa raba ni da aikin ba.

Sai shekarar fari ta zo. Tun watan Yuni Tsohuwa ta fito har gindinta, kogi ya koma tsakuwa da gansakuka. Mutane su biya kuɗin tuƙi su ƙare da jan jirgi da ƙafa, su dawo suna zagi. Jirage suna dawowa da ciki a kankare, ina wuni da bindigar zafi. A watan Agusta ma ba mai zuwa, kowa ya haye tabki. Masu baraji kuwa suna riƙe ruwansu a sama saboda masu wanka, sai Satumba suke sakinsa, lokacin da yara suka koma lakkwal, ba mai neman jirgi.

Wata rana muna cin burodi da cuku a inuwar rumfa, Fernand ya ce, "Baɗi tabki kawai. Ni da matata mun ishe shi." Ma'anar maganar a fili take: ba kogi, ba ni.

Na ce, "Ka ba ni Satumba."

"Ki yi me da ita?"

"Mutanenmu ba sa zuwa ruwa a Yuli. Ko suna aiki, ko sun tafi gida Nijar. A Satumba kowa ya dawo, ɗalibanmu sun cika jami'ar Bron. Zan cika maka jiragen nan."

Ya ce in na cika su, zai sake tunani.

Baba ne ya buga wa Alhaji Lawali waya. Alhaji Lawali shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Damagaram na wajen Paris, yana aiki a wani babban ofishin ƙasa da ƙasa, gidansa a Stains. Shi ya tarbi Baba a filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, a ɗakinsa ya kwana har ya sami aiki. In ya ce a tafi, an tafi. Ya ce dama suna neman inda za su kai iyali shan iska. Suka ɗauko kar, babbar motar fasinja, guda cike, suka kwana a gidajen 'yan uwa a Vénissieux, ranar Lahadi da hantsi suka sauka a gindin gada, ɗaliban Bron da Baba da Inna suna biye a motocin aro. Mata suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwa, suka sauke tukwanen dambu da shinkafa. Ruwa ya dawo, yana lasar bayan Tsohuwa. Fernand ya jera jiragensa duka a bakin ruwa, abin da bai yi ba tun bara.

Na tara su na yi bayani kamar yadda nake yi wa kowa, da Hausa wannan karon. Ina cikin raba riguna sai na hango Alhaji. Yana sanye da babbar riga ta shadda, shuɗiya, da hula. Ya rataya gile a kafaɗa ɗaya kamar tawul, ya taka har jirgin farko, ya zauna a baya, ya ɗora hannu kan gwiwa. A gaba ya sa wani ɗalibi, Haruna, siriri kamar pagai ɗin da ke hannunsa. Hancin jirgin ya ɗaga sama. A mota babban mutum baya yake zama, direba a gaba. Haka ya ɗauka.

Daga inda nake tsaye na ɗaga murya. "Alhaji, sauko. Baya wurin mai tuƙi ne. Rigar nan kuma sakawa ake yi, ba ratayawa ba. Babbar rigar ma sai ka cire, in ta sha ruwa ta fi ka nauyi."

Kowa ya juyo, har matan da ke kan tabarma. Alhaji bai dube ni ba, sai ya dubi Baba.

"Mamman, ɗiyarka ce wannan?"

Baba ya ce, "Ita ce, Alhaji," yana kallon takalminsa.

Sannan ya juyo gare ni. "Ke ɗiyar nan, na yi aiki a Gaya tun ba a haife ki ba. Na haye kogin Isa, babban koginmu na Nijar, a kwale-kwale ya fi a ƙirga."

Na ce, "An haye da kai dai, Alhaji."

Wani ɗalibi ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Alhaji ya tashi a hankali, ya fito, ya miƙa wa Haruna gile, ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "Bon. Mun ga ruwa, ya yi kyau, Allah ya yi halitta. A zuba abinci." Shi ke nan. Ba mutumin Paris ɗaya da ya ƙara taɓa jirgi. Wa zai shiga ruwa Alhaji yana tudu? Suka ci, suka yi azahar a kan ciyawa, suka hau kar.

Ɗalibai kaɗan ne suka shiga, na raka su. Mun wuce gada lafiya. A wani wuri mai kwanciyar ruwa, kafin wata kwana, jirgin Haruna ya zo daidai da na wani abokinsa, Sani, wanda ya iso a makare, ba su haɗu ba tun dawowa daga hutu. Ina gani kowa ya ajiye pagai, ya miƙa hannun dama, na hagu a ƙirji. "Kai, Malam Sani! An dawo lahiya? Ina mutan gida?" Kafin in buɗe baki duk sun karkata gefe ɗaya, jirage biyu suka kife lokaci guda. Uku suka taso suna dariya. Sani kuwa jallabiya ce a ƙarƙashin gile ɗinsa, na ce ya cire ya ce akwai sanyi, ya tattare ta a ƙugu. Ruwa ya warware ta, ya ja shi kwanar, inda wani itace ya faɗo cikin kogi. Jallabiyar ta sarƙe a reshe, ruwa yana danna shi ƙasa. Na hau kan kututturen da rarrafe, na zaro wuƙar da ke maƙale a gile ɗina, na yanke jallabiyar daga wuya har ƙasa. Abin da ya riƙe kansa a sama kafin in iso shi ne madaurin da na ɗaga masa a tudu.

Washegari Fernand ya ɗaura allo a jikin remok: na sayarwa ne.

A gida Baba ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Inna ce ta kira ni kicin tana yanka albasa.

"Gaskiya kika faɗa wa Alhaji?"

"Awo. Kin ji abin da ya sami Sani."

"Na ji. To gaskiyar taki jirgi nawa ta cika?"

Ta ci gaba da yanka albasa, ta ce:

"Ke ba ki gani sai ruwa. Ni na ga Alhaji ya zaga bayan kar da rigar ruwan nan tun kafin ki fara surutunki. Ya gwada ta, ya ja, ya ja, ta ƙi haɗuwa a tumbinsa. Shi ya sa ya rataya ta. So kike ya tsaya gaban 'yan ƙungiyarsa da matansu, yarinya tana kokawa da cikinsa? Babba ba a gyara mishi zama a gaban jama'a. Gida ake bin shi."

Har yau ban ce na yi kuskure a kan rigar ba, kuma ba zan ce ba. Ban je Stains ban haƙuri ba, awon riga na je yi. Matar Fernand tana da gile na musamman a tabki don masu kamun kifi masu jiki, na aro mafi girma. Na ɗauki pagai ɗaya na hau tejebe, jirgin ƙasa mai gudu. A metro na Paris ya tokare ƙofa, wani ya tambaye ni ko kogin Seine zan tuƙa. Daga nan bis, har ƙofar gidan Alhaji.

Hajiya Zainabu, matarsa, ta buɗe. Ta dubi pagai, ta dube ni, ta ce, "Shigo, 'yar ruwa." Na durƙusa na gaida Alhaji. Gaisuwar nan mai tsawo da nake yankewa a waya, ranar na bi ta har ƙarshe: gajiya, aiki, sanyi, Baba, Inna, ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo abinci na ci. Sannan Hajiya ta kora yara waje, ta shige kicin, ta ja ƙofa.

Ya ce, "Kin biyo ni ki ƙarasa ni a gidana?"

"Riga na kawo, Alhaji. Ta manyan mutane ce."

"Manyan mutane ko manyan ciki?"

"Duka biyun."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Halin kakarki ne, ta wajen Mamman. Ita ma haka ta addabi unguwa. Miƙo."

Ya saka ta a kan 'yar shara. Madauri ya haɗu, ƙwas. Na ce, "Sai na ɗaga kafaɗun, Alhaji. Kowa ina yi mishi." Ya ce, "Ɗaga." Na ɗaga, ba ta motsa ba. Ya zauna a kan matashin fata a tsakiyar falo, na ba shi pagai, ya yi ta tuƙa darduma. Na nuna masa inda ake riƙewa, da yadda ake juya ƙugu ba hannu kaɗai ba. Ya kusa sauke agogon bango. Na ce na baya shi ke juya jirgi, na gaba kuma shi ke fara ganin dutse, shi ke faɗa.

Ya tsaya. "Wato na gaba shi ke gani, shi ke ba da umarni?"

"Kusan haka."

"To mi ya hana ki ce haka tun farko? Liman ma ai gaba yake tsayawa." Ya ajiye pagai. "Za mu dawo. Amma da sharaɗi. Ke ki faɗa mini komai a nan. Can, ni zan faɗa wa mutanena. Bakinki kar in ji shi."

Na faɗa masa komai, har da labarin hannun Haruna da Sani. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tambayi lafiyar yaron.

Sun dawo farkon Oktoba, ganye ya fara ja a kan duwatsu, da sanyi-sanyi. Alhaji ya sauko daga kar cikin kayan motsa jiki da hularsa, babbar riga a ninke cikin bido, farar gorar nan mai jan murfi da muke ba mutane don kayansu kar su jiƙe. Gile ɗinsa tun a kar ya ɗaure shi. Ya tsaya bakin ruwa ya tara maza.

"Duk mai doguwar riga ya cire. Duk wanda ya miƙa wa wani hannu a kan ruwan nan, ni da shi ne. Ku gaisa yanzu, ta ishe ku har ƙasa. Wanda ya iya tuƙi, baya. Manya, gaba."

Ya bi su ɗaya ɗaya yana ɗaga musu kafaɗar riga da hannunsa, har Baba. Ya ƙara dokokin da ban taɓa ji ba, ya kawo labarin Gaya, ya yi addu'a mai tsawo. Bayanin da nake gamawa kafin shayi ya huce, ya kai mu har rana ta ɗaga. Na ciji leɓe na bi bayansa ina sake duba madauri, ba tare da na ce uffan ba.

Shi a gaba, ni a baya, jiragen Fernand duka a bayanmu. Duk tsawon hanya yana ihu, "Dutse! Dutse a dama! Attention!" har da duwatsun da muka riga muka wuce. Da muka hango wani mai kamun kifi tsaye cikin ruwa, na ce a hankali, "Alhaji, shiru, a ɗaga pagai." Ya ɗaga. Ya ɗaga wa na baya hannu, kowa ya yi tsit. Muna wucewa ta bayan mutumin ina ganin gefen fuskar Alhaji, leɓensa yana motsi ba sauti: ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Har amsawa ya yi wa kansa. Bafaranshen ya taɓa bakin hularsa bai juyo ba.

Fernand yana jira a wurin kwasa, jingine da itacensa. Ba wanda ya kife. Muka loda jirage, mutanen Paris suna taya mu suna gardamar wanda ya fi iya tuƙi. Da kar ta tashi, ya kwance allon daga jikin remok ya jefa bayan mota.

Ya ce, "Rana ɗaya ba ta gyara shekara. Rabin jiragen sai na sayar." Ya kunna taba. "Sauran da remok, ki riƙe. Gwiwata ta gama da gangaren nan. Ni ina tabki, kogi naki ne."

Tun daga nan aikina ya ƙaru da abin da Fernand bai koya mini ba. Duk ƙungiyar da za ta zo, ina tambaya waye babba a cikinsu, in bi shi gida da riga da pagai kafin ranar. Na tuƙa darduma a Bron, na tuƙa a Stains, na tuƙa a benaye da yawa na Minguettes, wasu asansar ɗinsu a mace, jakar riguna a bayana. Na sha shayin da ya fi ƙarfin cikina. Lokacin sanyi, da kuke cewa ina barci, wannan nake yi. Yanzu Satumba ta fi Yuli cika a rumfata.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Duk zuwan nan, mata a kan tabarma suke, suna gadin tukwane suna ɗaga wa maza hannu. Ranar rufe rumfa bara, ina wanke riguna, Inna tana wanke tukunya kusa da ni a bakin ruwa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wannan abin, akwai daidai ni?" Hajiya Zainabu daga bayanta ta ce, "In akwai biyu, a ajiye mini ɗaya."

Don haka na yanke shawara: bana mata zan fitar, su kaɗai, ranarsu daban. Ba za su yarda namiji ya ɗaure musu madauri ba, kuma sai an zauna da kowace a ɗakinta an san yadda za a yi da zane da mayafi, don ba zan sake yanka rigar kowa a kan reshe ba. Ni ɗaya ba zan iya da madauri da remok da jirgi ba. Ina neman yarinya ɗaya, ba biyu ba. Wadda har yanzu take son aikin zaman bakin ruwa ta same ni ranar Asabar da sassafe a tashar Vénissieux, da tsohon takalmi, ta bar gilashin rana a gida. Baho biyu suna jiranta. In ta kai Satumba ba ta gudu ba, ita za ta tuƙa Hajiya Zainabu. Inna kuwa tawa ce. Ita a gaba, ni a baya, ta yi ta ba da umarni.